Ranar da Na Kasa Cewa Tulu Ya Fashe

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ni mutum ne da bakinsa ya ciyar da shi shekara da shekaru, amma yau ga ni na rasa ta cewa, har sai da na zauna na rubuto miki. Kada ki buga sunana. Waɗanda suka san ni za su gane ni kafin su kai rabin wasiƙar, wannan kuma ba yadda na iya.

Sana'ata ta asali ita ce sharhin gasar wasannin bidiyo. Na san wasu masu karanta filinki za su ce wannan kuma wace irin sana'a ce. Mahaifiyata ma har gobe in aka tambaye ta aikina, cewa take ɗanta yana yi wa talabijin ihu ana biyansa. Abin dai kamar sharhin ƙwallo yake. Ƙungiya biyu, kowacce mutum biyar, suna zaune gaban kwamfutocinsu a kan dandamali, jama'a cike da zaure suna kallon babban allo, wasu kuma suna bi ta waya daga gidajensu. Mu masu sharhi muna wani ɗan ɗaki na gilashi a sama, mu biyu, da makirfo da abin kunne. Ni ne mai bin wasa da baki, in faɗi abin da ke faruwa yana cikin faruwa. Abokin aikina, wanda kowa ke kira Farfesa, shi ne mai fashin baƙi, in ƙura ta lafa ya bayyana wa mutane dalilin da ya sa aka ci ko aka sha kashi. Dokar ɗakin nan ta farko ita ce ba a yin shiru. Ko allo ne ya mutu, sai ka yi ta magana har a gyara. Muna da alama tsakaninmu: wanda zai miƙa wa ɗan'uwansa magana sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu, ɗayan ya cafe.

Abin da ya fito da ni wata kalma ce guda. Tun muna yin sharhi a wani ɗan shagon kwamfutoci mai fanka ɗaya, wani ɗan wasa ya riƙe nasara a hannunsa tun daga farko, sai a taki na ƙarshe ya yi wauta ya zubar da komai. Ban san lokacin da maganar da mahaifiyata ke yi mana in mun ɓata aiki a ƙarshe ta kuɓuce mini ba: "Tulu ya fashe a bakin ƙofa!" Shagon ya kaure da dariya. Daga ranar, duk wanda ya ɗebo ruwa tun daga rafi ya zo ya zubar a ƙofar gida, jama'a sai su zuba kunne su ji na faɗa. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, babba ko ƙarami, abokina ko wanda ban sani ba. Da wannan aka san ni, kuma da wannan aka yarda da ni.

Daga nan wani kamfani mai sayar da kayan wasa, su abin kunne da linzamin kwamfuta da kujeru, ya nemi in sa murya a tallarsu. Na sa. Sai suka fara kirana suna tambaya wane launi matasa ke so, wace magana ce in aka sa a talla za ta sa su yi tsaki. Ashe na san waɗannan abubuwa ban san na sani ba, domin na daɗe ina sauraron zaure, na san abin da ke tayar da shi da abin da ke kwantar da shi. Ni na ba da shawarar a buga maganar tulun a riguna, rigunan kuma suka yi kasuwa. A hankali na koyi zaman taro, na koyi karanta rahoto, na koyi yin shiru wani ya gama magana, wanda shi ya fi ba ni wuya. Bara mai kamfanin ta kira ni ta ba ni shugabancin sashen da ke kula da sunan kamfani da tallarsa gaba ɗaya. Ofis, ma'aikata a ƙarƙashina, har da kujera mai juyawa. Farfesa ya taya ni murna, ya ce wai yanzu sai ya riƙa neman izini kafin ya ƙwanƙwasa mini tebur. Makirfo kuwa ban ajiye ba, domin mai kamfanin ta ce muryata rabin tallar ce. Ni ma a gaskiya ban so ajiyewa ba.

Matsalar ta faro ne da kamfanin ya ɗauki nauyin wata ƙungiya. Tauraronsu wani matashi ne da ake kira Allura, saboda in ya saita ba ya kuskure. A kansa na gina tallar bana kacokan. Fuskarsa ce a kwalayen kayanmu, ita ce a ƙaton hoton da ke ƙofar zauren gasa. Ranar da muke ɗaukar hotunan, na lura cewa da hannun hagu yake ɗaukar kofin shayi. Da na leƙa ɗakin atisaye daga baya, na tarar da shi ya ɗora ƙanƙara a wuyan hannunsa na dama, ya kumbura suntum. Ya roƙe ni don Allah kada in gaya wa kowa. Ya ce in koci ya ji zai zaunar da shi, shi kuwa bai taɓa zuwa kusa da kofin gasa irin wannan karon ba. Na yi masa alkawari. Yanzu nake ganin da na yi tunani kafin in yi.

Sai ga wasan kusa da na ƙarshe. Zagaye uku ake yi. A zagayen farko wani ɗan wasan ɗaya ƙungiyar ya yi kuskure, na kwarara masa tulu yadda na saba, zaure ya ɗauka. A zagaye na biyu Allura ya rage shi kaɗai, nasara na hannunsa, abin da ko ɗan koyo zai ƙarasa. Hannun ya zame masa, ya danna abin da bai kamata ba, aka kashe shi a allo. Anti, tun da nake sharhi ban ga tulun da ya fashe kamar wannan ba. A ɗan allon da ke gabana mai nuna fuskokin 'yan wasa, na ga ya kai hannun hagu ƙarƙashin tebur ya dafe na dama. Bakina ya buɗe, ba abin da ya fito. Farfesa ya ƙwanƙwasa tebur. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ni da ban taɓa barin makirfo ya huta ba, na yi tsit. Da zaure ya ga na ƙi faɗa, sai suka faɗa da kansu, baki ɗaya, da yawansu sanye da rigar da ni na tsara. Daidai lokacin Allura ya cire abin kunnensa, ya ji komai.

Ƙungiyarmu ta ci zagaye na uku, ta kai wasan ƙarshe, wanda za a yi ƙarshen watan nan. Amma ni ban ci komai ba. Kafin in iso gida an haɗa bidiyo biyu gefe da gefe, ihun da na yi wa ɗan wancan ɓangaren da shirun da na yi wa namu. Ana ta rubuta cewa an saye bakina. Wani da ya ce tun zamanin shago yake saurarona ya rubuta cewa ya cire rigar ya mayar da ita tsumman goge mota. Wannan ta fi kowacce yi mini ciwo.

Washegari Farfesa ya zo ofishina, ya zauna, ya gaya mini a natse cewa shi ba zai sake shiga ɗakin gilashi da ni ba muddin ƙungiyarmu na wasa. Ya ce wai shi ba ya zargina da cin amana, amma in ya ƙwanƙwasa tebur yana so ya san wa zai amsa masa, abokinsa ko shugaban sashen talla. Bai san maganar hannun ba, ni kuma ba ni da ikon faɗa masa. Na zauna ina kallonsa yana ɗaukata a matsayin da ba nawa ba.

Mai kamfanin kuwa dariya ta yi. A wurinta duk surutu talla ne, rigunan ma sun ƙare a shago. So take in hau makirfo ranar wasan ƙarshe, har ta ce in namu ya sake kuskure in ɗaga murya fiye da kullum, kowa ya ga ba mu da son kai. Ba muguwa ba ce, ita ta ɗauko ni ta koya mini aikin nan, amma ita ma ba ta san abin da na sani ba.

A gida matata ta ce ita dai ta fi son ofis, domin tun da na same shi yara ke ganina da rana, kuma maƙogwaro ba shi da fansho. Ni da nake yi wa yara sharhi ko wanka ake musu, yanzu gidan ya yi shiru, har ƙaramar ta tambayi uwarta ko batirin Baba ne ya mutu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina gaya wa kaina tausayi ne ya rufe mini baki. Amma a cikin wannan shirun na tuna ƙaton hoton da ke ƙofa, na tuna kwalayen da muka buga. Wallahi ban san wanne ya fi nauyi ba. In na hau makirfo na yi wa Allura ihu, alhali na san hannunsa ne ba hankalinsa ba, ban san yadda zan kalle shi ba. In na sake shiru, na gama zubar da yardar da na tara. In kuma na sauka, tsoro nake ji. A ɗakin gilashi ni kaɗai ne irina. A ofis kuwa masu digiri sun fi ni sanin aikin, muryar nan ce ta kai ni kujerar, in na ajiye ta ban san ko kujerar za ta ci gaba da riƙe ni ba. In hau ko in sauka?

Naki,
Mai Tulu


Mai Tulu,

Sannu da ɗawainiya. Ni ban taɓa kallon wasan nan naku ba, amma wasiƙarka ta sa na ji kamar ina zauren, wannan kuwa ya nuna mini ba a banza aka ba ka kujerar ba. Za mu dawo kan wannan. Bari in fara ba ka amsa kai tsaye tunda lokaci ya matso: ka sauka daga makirfo a wasan ƙarshe, da duk wasan da ƙungiyarku ke ciki daga yanzu.

Kana ta wahalar da kanka wajen auna ko tausayi ne ko tsoron talla ya rufe maka baki. Ka huta, duka biyun ne, kuma ba abin kunya a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kowa kuma ya ga ciwon mutum da idonsa ba zai iya yi masa dariya kamar da ba. Abin lura shi ne, ko wanne ne daga ciki, daga ofis ya biyo ka zuwa ɗakin gilashi. Mai sharhi yana aiki ne da abin da kowa ke gani a allo. Kai yanzu kana shiga ɗakin atisaye, kana ganin ƙanƙara a hannun mutane, ana ba ka amana. Wanda ya san abin da ke bayan labule ba zai iya yin kamar bai sani ba, ko ya rantse zai yi. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma ka gwada a gaban jama'a ka ga yadda ta kaya.

Farfesa yana da gaskiya, kuma ka gode Allah da ya ba ka abokin da zai zo ofishinka ya faɗa maka a fuska, bai je ya rubuta a waya ba. Masu sauraron da suka yi fushi ma kada ka riƙe su. Wanda ya mayar da rigarka tsumma ba maƙiyinka ba ne, mutum ne da ya yarda da kai shekaru, ya ga ka auna wa wani da mudu ɗaya, ka auna wa naka da wani. A abin da ya gani, hukuncinsa daidai ne. Ka kuma tuna da ɗan wancan ɓangaren da ka kwarara wa tulu a zagayen farko. Wa ya san abin da shi ma yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur? Ban faɗi haka don ka ji kunyar sana'arka ba, raha ce ta wasa kuma 'yan wasan sun san da ita. Na faɗa ne don ka ga cewa adalcinka na da ya tsaya ne a kan rashin sanin kowa, yanzu kuwa ka san wasu.

Ita ma mai kamfanin ba ta yi laifi ba da ta nemi abin da take ganin zai amfani kasuwarta. Sai dai shawararta ta ka ƙara ɗaga murya a kan naku ba za ta gyara komai ba. Ihun da aka shirya a ofis, zaure zai gane shi, kai ka fi ni sanin kunnensu. Kuma a nan ne aikinka na gaskiya yake. Ta ba ka amanar sunan kamfaninta, sunan nan kuwa yanzu ya haɗu da kalmar an saye shi. Rigunan da suka ƙare yau ba za su wanke wannan ba. Ka je mata da shiri, kada ka je da koke. Ka kai mata sunan wanda zai zauna kusa da Farfesa, ka bar Farfesa ya taya ka zaɓa. Ka kai mata gajeren bayanin da za ka yi wa jama'a da bakinka kafin ranar: cewa kana aiki da kamfanin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, cewa shirun da ka yi ya nuna maka bai dace ka yi sharhin wasansu ba, don haka ka sauka. Kada ka kare kanka, kada ka yi alamar akwai wani sirri. In kana son makirfo, ga wasannin da ba ruwanku a ciki, ka yi su, kana faɗin inda kake aiki tun a farko.

Game da tsoronka kuwa, ka sake karanta wasiƙarka. Murya ta buɗe maka ƙofa, gaskiya ne, amma kai da kanka ka ce abin da ya sa suka riƙa kiranka shi ne ka san abin da ke tayar da zaure da abin da ke kwantar da shi. Wannan aikin kunne ne, kuma kunnen yana nan ko ka ajiye makirfo. Ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa ta ɓata rai, mai yiwuwa ma ta nuna maka muryar kawai take so. In haka ne gara ka sani yanzu da sauran ƙarfinka. Amma shugaban da ba zai iya gaya wa mai kamfani abin da ba ta son ji ba, ado ne kawai a ofis, ranar da muryar ta dushe za a ɗauke shi. Matarka ta riga ta faɗa maka wannan a taƙaice, ka riƙa sauraronta.

Saura maganar da ta fi damuna, wadda kai ka ratsa ta da sauri: hannun Allura. Sirrinsa nasa ne, kada ka fasa shi don wanke kanka, ko a wurin Farfesa. Ka ce masa kawai akwai abin da ba naka ba ne da za ka faɗa, abokin kirki zai gane. Amma alkawarin da ka yi na yin shiru ne, ba na zuba ido hannun ya lalace ba. Ka koma wurinsa tun kafin wasan, ka gaya masa ba za ka iya ci gaba da ɗaukar wannan kai kaɗai ba, ka raka shi wurin likita, ka tsaya kusa da shi in zai gaya wa kocinsa. Mai yiwuwa a ɗaure hannun ya buga, mai yiwuwa a hana shi. Zai iya jin haushinka. Kofi ana sake yin wani baɗi, hannu kuwa guda biyu ne kawai aka ba shi. Kai da ka manna fuskarsa a kwali, kana da haƙƙinsa a wuyanka fiye da na kwalin.

Ranar wasan, na san ƙafarka za ta yi ta janka zuwa matattakalar ɗakin gilashi. Kada ka hau. Ka tsaya a bayan dandamali, inda 'yan wasa ke saukowa. In an yi nasara, ka yi ihunka son ranka, ba wanda zai ce an saye ka. In kuma tulun ya sake fashewa, zaure zai faɗa ko ba kai, ka riga ka koya musu. Ka tambayi mahaifiyarka, mai maganar ta asali, abin da take yi bayan ta faɗe ta. Na tabbata ba ta barin yaro tsaye a ƙofa da jiƙaƙƙen kaya, zuwa take ta duba ko tsingaro ya yanke shi. Masu faɗin rabin farko sun cika zaure. Rabi na biyun ne ba mai yi, kuma shi ne aikinka yanzu.

Allah ya ba Allura lafiya, ya daidaita tsakaninka da Farfesa, ya sa wa sabuwar kujerar albarka. Ka gaishe mini da matarka. Ka kuma gaya wa ƙaramar batirin Baba bai mutu ba, ka ci gaba da yi musu sharhin wanka, a nan kam ba wanda zai zarge ka da son kai.

Antinku